Amsar da na ba Yaya kan hutun bakin teku a yammacin Antaliya

Assalamu alaikum. Yaya, barka da yamma, ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya? Na saurari saƙonki, na ce bari in amsa a nan zauren maimakon in kira ki, tunda na ga har mutum biyu sun ce su ma suna so su ji. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

To, abin da na fahimta shi ne, ke da maigida da yara uku kuna son zuwa Turkiyya hutu na kamar kwana tara ko goma, wataƙila har da Hajiya. Kin ga hotunan wajen nan da duwatsu masu daji suke gangarowa har cikin teku, shi ne ya ba ki sha'awa. Mai yi muku tikiti kuma ya kawo muku babban otal a Kemer, wani garin 'yan hutu a bakin teku kusa da Antaliya, cikin watan Agusta, irin wanda ake biya gaba ɗaya, ci da sha da kwana. Kika ce in faɗa miki gaskiya, a karɓa ko kada a karɓa.

Ni dai a nawa ganin, Yaya, kada ki karɓa. Wajen da kika gani a hoto yana nan, ba ƙarya ba ne, wallahi a ido ma ya fi kyau. Shi ne gaɓar da ke yamma da birnin Antaliya, inda duwatsun Beydaglari suka tsaya a kan Bahar Rum. Amma wanda ya shiga irin wancan otal ɗin, daga ɗaki sai wajen cin abinci sai tafkin wanka, dajin nan daga taga kawai zai hango shi. Kuma ki sani, yawancin baƙin waɗannan otal-otal 'yan Rasha ne da Jamusawa, giya tana cikin kuɗin da aka biya, kiɗa kuma har tsakar dare. Na san ki, na san Hajiya. Kwana biyu za ku yi ku takura.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna. Yuli da Agusta a Antaliya zafi ne na gaske. Mu da muka tashi a Arewa muna ganin babu zafin da zai ba mu tsoro, amma wannan daban ne, mai gumi ne irin na Legas, ga rana mai ƙuna a kai. Awo yana zama wajen 35, wasu ranakun ya haura 40. Da hantsi ya yi, ba mai iya hawan dutse da yara. Lokacin ne kuma na gobarar daji. Itatuwan wajen masu ƙaro ne, ganyensu tsinke-tsinke, in ya zuba ƙasa ya bushe ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Ba mu manta da gobarar Manavgat ba, wadda ta tashi ranar 28 ga Yulin 2021 a gabashin Antaliya, ta yi kwanaki tana ci, ta cinye ƙauyuka da dabbobi, har da rayukan mutane. Saboda irin haka, da zafi ya kama hukuma takan hana shiga cikin daji, sai wuraren da aka keɓe. Kin ga ke nan abin da ya kawo ki shi ne za a ce ba a shiga. Ga tsada a kan haka, don a watan ne kuɗin ɗaki yake kaiwa ƙarshe.

Na san matsalar, hutun yara ne ya ɗaure ki. To ki duba kalandar makarantarsu. In za ku iya tura tafiyar zuwa Satumba, ko da farkonsa ne, ya fi Agusta nesa ba kusa ba: zafi ya fara sassautawa, kuma 'yan hutu sun fara raguwa. Wanda ba shi da yara a makaranta, ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba shi ne lokacin, teku tana nan da ɗuminta, iska ta yi daɗi, rumman ya nuna a lambuna. Akwai kuma hutun Afrilu. A lokacin daji ya yi kore shar, furanni ko'ina, lemo yana fure har ƙamshi ya cika gari, kan dutse kuma sau da yawa da sauran ƙanƙara. Sai dai ruwan teku da sanyi, yara ba za su jima a ciki ba. Ki tambayi kanki, wanka suka fi so ko yawo?

Inda nake so ku sauka shi ne wani ƙauye mai suna Cirali. Tsakaninsa da Antaliya kamar kilomita 80 ne, ana bin babbar hanyar gaɓar teku, D400, a wuce Kemer, a wuce Tekirova, sannan a karya hagu a gangara kilomita 7 cikin daji. Wuri ne da doka ta kare, shi ya sa babu dogayen benaye. Abin da za ki samu ƙananan masaukai ne na iyali, ɗakunan katako cikin lambun lemo da rumman, kaji suna yawo, mai masaukin shi ne zai kawo muku karin kumallo da hannunsa. Gabanki teku, bayanki dutse. Akwai masallaci a ƙauyen, ana jin kiran salla. Ki nemi ɗakuna biyu maƙwabta masu na'urar sanyaya ɗaki, ki kuma tambaya mita nawa ne zuwa bakin ruwa, don wasu masaukan suna can ciki, da ɗan tafiya, Hajiya za ta wahala.

Kada a ruɗe ki da Olimpos. Bakin tekunsu ɗaya ne da Cirali, da ƙafa ma ana zuwa, amma masaukan kwarin Olimpos na samari ne 'yan yawon duniya, da kiɗa da hayaniya. Ku je da rana ku ga kangon tsohon garin, wanda rafi ya ratsa ta tsakiyarsa, itatuwa suka tsiro cikin gine-ginen, ku dawo ku kwana a Cirali.

Bakin tekun kamar kilomita uku ne, tsakuwa ce haɗe da yashi, don haka ki saya wa yara takalmin roba na shiga ruwa. Ruwan yana yin zurfi da wuri, ƙaramin nan kada a sake shi ko na minti ɗaya. Wani abin da yara za su so, kunkurun teku suna zuwa nan su yi ƙwai. Daga Mayu uwayen suke fitowa cikin dare su haƙa rami a yashi, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi ruwa. Za ki ga an kifa wasu kejin ƙarfe a kan ramukan, kada yara su taɓa. Da dare ba a zama a bakin ruwan, ba a kunna wuta, ba a haska fitila, saboda haske yana ɓatar da 'ya'yan su nufi tudu maimakon teku su mutu. Wannan dokar ce ta sa wajen yake shiru, ni kuma ita ce ta sa nake ƙaunarsa.

Maganar sutura, gara in faɗa miki tun yanzu. Bakin ruwa na kowa da kowa ne, za ki ga Turawa da kayan wankansu. Amma matan Turkawa da yawa suna shiga ruwa da cikakkiyar sutura, hashema suke ce mata, ana sayarwa a kasuwar Antaliya, ba mai kallonki. In kuka fito bayan sallar asuba zuwa ƙarfe tara, ko kuka matsa can ƙarshen arewa, kusan ku kaɗai ne. In kuma kin ce ke lallai sai inda mata suke da tafkinsu daban, akwai otal-otal na musamman irin haka, sun fi yawa ta wajen Alanya, amma can wata tafiyar ce daban, ba dajin nan ba.

Yanzu abin da za ku gani. Ni shawarata wuri ɗaya a rana, da safe ko da yamma, tsakar rana a huta.

Wanda ba na so ku rasa shi ne Yanartash, yana bayan ƙauyen. Gefen dutse ne da wuta take fitowa daga cikin tsagoginsa, ba itace, ba mai, ba wanda ya kunna. Iskar gas ce take tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma ta fi shekara 2,500 tana ci, tun mutanen da suna ba da labarinta. Subhanallah, in kika tsaya a wajen da magariba, ga harsunan wuta nan da can a kan farin dutse, ga teku a ƙasa, sai jikinki ya yi sanyi. Ana hawa ne ta matakalar dutse, kamar kilomita ɗaya, minti ashirin zuwa talatin. Matakalar manya ne, ba daidai suke ba. Hajiya da gwiwarta kada ta gwada, akwai wajen shan shayi a ƙasa, ta jira ku a nan. Ku riƙe tocila saboda saukowa, ku sa takalmi sau-ciki.

Inda Hajiya za ta more shi ne Tahtali. Dutse ne mai tsawon mita 2,365, kuma ba da ƙafa ake hawa ba, akwai motar igiya da ake kira teleferik, an buɗe ta a 2007, cikin minti goma ta kai ku ƙololuwa. Kina tashi kina kallon daji a ƙarƙashinki, itatuwan suna canzawa, har ki kai inda babu bishiya sai dutse tsirara. Ku tafi da rigar sanyi ko da ƙasa ana gumi. Ku je da sassafe, don da rana gajimare yakan rufe kan dutsen, a biya kuɗi mai yawa a ga hazo kawai. Tikitin da tsada, ki sa shi cikin lissafi tun daga gida.

A gindin wannan dutsen Faselis yake. Tsohon gari ne da mutanen tsibirin Rodos suka kafa kusan shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, yana da tashar jiragen ruwa uku, har Iskandar na Makidoniya ya taɓa yin hunturu a cikinsa. Yau kango ne a cikin inuwar itatuwa, ga tsohuwar hanyar dutse, ga gadar da take kawo ruwa gari. Abin da ya sa nake so ku je, ruwan ƙaramar tashar kwance yake, ba zurfi, ya fi ko'ina dacewa da yara. Ku yi safiya a nan, da azahar ku haura Ulupinar ku ci gasasshen kifi a kan teburan da aka kafa bisa ruwan sanyi mai gudu.

In maigida yana son tafiyar ƙafa, hanyar Likiya ta bi ta nan, ta fi kilomita 500 daga wajen Fethiye zuwa kusa da Antaliya, an yi mata alama da jan fenti da fari a jikin duwatsu. Ya ɗauki ɗan yanki na awa biyu da safe, da ruwa isasshe, kada ya tafi shi kaɗai.

Abinci ba matsala. Naman halal ne, sai dai gidajen abinci da yawa suna sayar da giya, ku zaɓi inda kuka ga iyalai. Karin kumallonsu burodi ne da zaitun da cuku da tumatir da ƙwai da zuma, sai shayi ba iyaka. Yara za su ci shinkafa da ƙofte, wato curin niƙaƙƙen nama, da gozleme, wata gurasa mai falale da ake zuba wa cuku ko nama a ciki. Ki ƙullo yajinki, abincinsu ba ya da zafi.

Hanya kuwa, Turkish Airlines yana tashi daga Abuja zuwa Istanbul, awa shida da wani abu, daga nan zuwa Antaliya awa ɗaya da 'yan mintoci. Ki sa a haɗa muku su a tikiti ɗaya saboda kaya. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Daga filin jirgi, ki ce mai masauki ya turo mota. Akwai ƙananan bas daga tashar Antaliya, amma a bakin titi za su ajiye ku, ku jira wata ta gangara da ku, da akwatuna da tsohuwa ba zai yi daɗi ba. Motar haya ta kwana biyu ko uku ta isa, hannun tuƙinsu irin namu ne, hanyar dai tana da kwana-kwana, a ba mai amai magani kafin a tashi. Ku riƙo dala a hannu, ku canza a cikin gari, ku shiga ƙauyen da lira. Kada ki yi lissafi da farashin da wani ya faɗa miki bara, kuɗinsu yana faɗuwa, kaya suna tashi.

Kwana biyun ƙarshe ku yi su a Antaliya, a tsohon gari, Kaleici. Ku ga hasumiyar Yivli ta zamanin Saljuƙawa, Turkawan da suka mulki yankin a da, ku yi tsaraba, ga filin jirgi kusa.

Abin da za ki fara da shi gobe shi ne biza, don mai fasfon Najeriya sai da ita, kuma tana ɗaukar lokaci. Ki fito da fasfo ɗin kowa ki duba, na yara ya fi saurin ƙarewa, a tabbatar kowanne da sauran aƙalla wata shida. Masaukin da za ki kama ya zama wanda ake iya sokewa ba asara, kada kuma ki biya tikitin da ba a canzawa sai biza ta fito. Ki turo min ranar da yara za su koma makaranta, in duba miki ɗakuna. A gaida Hajiya da kyau, a gaida maigida. Sai na ji ki.