Tirelata za ta yi wata biyar cikin ƙanƙara: in ɗaga ta ko in bar ta a ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Winnipeg, ƙasar Kanada. Ina da ƙaramar tirela mai taya huɗu da nake ja da mota ina ɗaukar kayan aiki. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ba ta motsi, tana bayan gida. Maƙwabcina ya ce in ban ɗaga ta ba tayoyin za su baje su lalace. Ina da bulon siminti takwas da suka rage daga gini. In ɗora ta a kai in sace iskar? Tayoyin sababbi ne, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka a kan tayoyin, ɗan'uwa. Ni bulon nan ne ya tayar mini da nawa.

Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba. Tayar da ta daɗe a wuri ɗaya takan shafe ta ƙasa, ka ji tana gargada a farkon tafiya. Amma a yawancin tayoyin yanzu, da ta yi 'yan kilomitoci ta ɗau zafi sai ta koma daidai. Wata biyar ba ya kashe taya mai cikakkiyar iska. Sace iskar shi ke kashe ta, don gefen zai lanƙwashe ya tsattsage. Sanyin ma kansa ɓarawon iska ne: duk saukar digiri 5 zuwa 6, kusan psi ɗaya (ma'aunin iskar taya) ke tafiya. Daga Oktoba zuwa daren Janairu da ake kai 30 ƙasa da sifili, ka yi asarar bakwai ko fiye. Cika su zuwa lambar psi da ke jikin tayar, ka sauke kaya, ka sa katako ƙarƙashinsu, ka tokare su gaba da baya, ka rufe su saboda rana. Ga mai tirela irin taka, wannan ya isa.

Yanzu bulo. Na gaji da ganin wannan ɗabi'a. Mun taso muna ganin motoci a kan duwatsu da bulo a garejojin gida, sai muka ɗauka ilimi ne, alhali Allah ne kawai yake rufa asiri. Bulo mai rami an yi shi ne ya zauna cikin katanga, nauyi ya bazu a kansa ko'ina. Ka ɗora masa bakin ƙarfe a wuri guda, ka ba shi aikin da ba nasa ba. Katako zai yi ƙara kafin ya karye, ƙarfe zai lanƙwashe ka gani. Bulo ba ya sallama, wargajewa yake yi nan take. A garinku abin ya fi muni: yana shan ruwa, ruwan ya daskare ya buɗa shi ta ciki, a waje kana ganinsa lafiya lau. Ƙasar Winnipeg kuma yumɓu ce, tana kumbura in ta daskare, tana zama taɓo in ƙanƙara ta narke. Kusurwa ɗaya ta nutse, guguwa ta kaɗa, shi ke nan. Wa ke shiga ƙarƙashin tirela a bayan gida? Yaro mai neman ƙwallonsa. Masu tura hotuna a WhatsApp suna cewa “shekara goma nake yi ban ga komai ba” ba za su zo maka gaisuwa ba. Haka jak mai aiki da mai: na ɗagawa ne, ba na ajiya ba, a hankali yake sauka ba ka sani ba.

In ka nace sai ka ɗaga, sayi matokaran ƙarfe da aka rubuta nauyin da suke ɗauka, ka kafa su a kan katako mai kauri, ƙarƙashin shasi. Kada ka tokari aksul, bututu ne, in ya lanƙwashe zai riƙa cinye maka taya ta gefe ɗaya. Ɗagawar kada ta wuce yatsa biyu daga ƙasa.

Ka ce sababbi ne. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar: 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2022. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. Kafin fitar farko kuma, a duba boris a sa giris.

Bulon nan takwas, jera su jikin katanga, ka cika ramukan da ƙasa, in Yuni ya kama ka shuka albasa.