Waƙar da ta wuce zahiri: daga Faris zuwa Martinik da Alƙahira

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen Faransanci. An ba mu wata waƙa ta Paul Éluard da ta fara da cewa duniya shuɗiya ce kamar lemu, aka ce wai salon suriyalizim ne. Na karanta har sau uku ban gane inda ta dosa ba. Daga ina wannan salo ya fito? Kuma na Faransawa ne kaɗai, ko ya bazu?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Kada ki ga laifin kanki, domin mu da muka tashi da waƙa mai kari da amsa-amo, wadda ke tafe da saƙo a fili, dole irin wannan baiti ya ɗaure mana kai da farko.

Kalmar suriyalizim a Faransanci tana nufin abin da ya wuce zahiri. Mawaƙi Guillaume Apollinaire ne ya ƙirƙire ta a 1917, amma wanda ya ɗauke ta ya gina mata gida shi ne André Breton. Asalin abin kuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Breton ɗalibin likitanci ne, a 1916 aka tura shi asibitin masu taɓin hankali a Saint-Dizier, inda ake kawo sojojin da ƙarar igwa ta gigita. Yana zaune yana sauraron maganganunsu marasa kan gado, yana kuma karanta bayanan Sigmund Freud kan mafarki da abin da zuciya ke ɓoye wa mai ita. Faransa ta yi asarar sojoji sama da miliyan ɗaya a yaƙin nan. Matasan da suka tsira sai suka ce: idan masu hankali da ilimi ne suka shirya wannan kisa, to wannan hankalin ba abin dogaro ba ne. Ƙungiyar marubuta da masu zane da ake kira Dada, wadda ta ɓulla a Zurich a 1916, ta tsaya ga rusa komai. Su Breton sun zauna a cikinta na ɗan lokaci, sannan suka ga rushewa kaɗai ba ta isa ba.

A 1919 Breton da Philippe Soupault suka gwada wata dabara: mutum ya kama alƙalami ya yi ta rubutu da sauri, ba tsayawa, ba gyara, ba tambayar kai ko maganar ta yi ma'ana. Abin da suka samu ya fito a 1920 da sunan Les Champs magnétiques. A watan Oktoba na 1924 Breton ya wallafa takardar manufofin tafiyar, yana tare da irin su Éluard, Louis Aragon, Robert Desnos da Benjamin Péret. Suna da wani wasa da nake so ki gwada da 'yan ajinku. A samo takarda, na farko ya rubuta suna ya naɗe, na biyu ya rubuta sifa bai ga abin da ke sama ba ya naɗe, na uku ya sa aikatau. Idan an warware, sai ki ga jimlar da babu wanda ya yi niyyarta, amma tana da rai. Breton ya ɗauko ƙa'idar daga Pierre Reverdy: muddin dangantakar abubuwa biyun da aka haɗa ta yi nisa kuma ta dace, hoton da ke fita zai fi ƙarfi.

Sai batun bazuwa, wanda a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Turai za mu wuce ta da sauri: akwai ƙungiya a Beljiyam da Belgrade, Vítězslav Nezval ya kafa ta Prague a 1934, an yi babban baje koli a Landan a 1936. A Japan, Takiguchi Shuzo ya sha ɗauri a 1941 saboda hukuma na zargin salon da alaƙa da gurguzu. Amma inda abin ya yi jijiya sosai shi ne ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma ba haka kawai ba ne. Tun 1925 su Breton suka fito fili suka soki yaƙin da Faransa ke yi da mutanen Rif a Maroko, a 1931 kuma suka yi kira da a ƙaurace wa baje kolin mulkin mallaka da aka shirya a Faris.

A 1941 Breton ya gudu daga Faransa, jirgin ruwansu ya tsaya a tsibirin Martinik da ke yankin Karibiyan, ƙarƙashin mulkin Faransa. Ya shiga wani ɗan kanti a Fort-de-France don ya saya wa 'yarsa kintinkiri, sai idonsa ya faɗa kan wata mujalla mai suna Tropiques. Ya buɗe, ya kasa ajiyewa. Aimé Césaire da matarsa Suzanne da René Ménil ne ke fitar da ita, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Ki lura, ba Breton ne ya koya wa Césaire waƙa ba, domin babbar waƙarsa ta komawa gida ta riga ta fito tun 1939. Césaire ya faɗa daga baya cewa salon ya zame masa makami ne na tarwatsa Faransancin da aka ɗora masa, don ya tono Afirkar da aka binne a ƙasa. Ga matashin Faris, 'yantar da zuciya ake nema. Ga baƙar fata a Martinik, wanda makaranta ta koya wa raina kansa, maganar ta fi haka nauyi, shi ya sa nake ganin waƙar Césaire ta fi ta yawancin mutanen Faris zafi da gaskiya.

A Haiti, Breton ya yi lacca a Disamban 1945. Jaridar matasa La Ruche ta René Depestre ta ɗauka da zafi, gwamnati ta haramta ta, ɗalibai suka shiga yajin aiki, a Janairun 1946 Shugaba Élie Lescot ya faɗi. Ba waƙa ce ta tumɓuke shi ba, talauci da danniya sun riga sun kai mutane bango, amma ita ta kunna ashanar.

A Alƙahira, Georges Henein da abokansa sun fitar da sanarwa a Disamban 1938 suna kare fasahar da 'yan Nazi suka kira gurɓatacciya, daga nan aka samu ƙungiyar Fasaha da 'Yanci. A Beirut, mujallar Shi'r da aka kafa a 1957 ta buɗe wa waƙar Larabci wannan ƙofa ta hannun irin su Unsi al-Hajj. Adonis, mawaƙi ɗan Siriya, ma ya rubuta littafi yana kwatanta salon da sufanci. Kamannin na nan wajen yarda cewa akwai baɗini bayan zahiri, sai dai ban bi shi har ƙarshe ba, domin sufi Allah yake nema, Breton kuwa bai yarda da addini ba. A Meziko, Octavio Paz, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1990, ya sha daga wannan rijiya.

Tafiyar tana da nata aibu. Breton ya cika korar abokai har aka yi masa laƙabi da Paparoma, mata kuma an fi ɗaukarsu abin yi wa waƙa, duk da akwai gwanaye irin Joyce Mansour 'yar Masar. Ya rasu a 1966, aka sanar da rushe ƙungiyar Faris a 1969, amma ta Prague da ta Chicago suka ci gaba.

Koma kan baitinki. Éluard ya fitar da shi a 1929 cikin diwanin da ya sadaukar wa matarsa Gala, saboda haka waƙar soyayya ce. Riƙe lemu a tafin hannunki, ki ji zagayensa da nauyinsa da ƙamshin ɓawonsa, sannan ki ɗaga kai ki dubi sama. Haka duniya take ga mai sabon so, ta yi ƙanƙanta har ta shiga hannu, ta kuma yi faɗi kamar sararin samaniya. Layin da ke biye yana cewa babu kuskure, kalmomi ba sa ƙarya. Ki sake karanta ta da babbar murya, sannan ki nemi Césaire a laburaren sashenku.