RAV4 'yar Beljiyam ko CR-V ta hannu: wacce zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, ina da mata da yara uku, kuma duk wata nakan je gida gaishe da mahaifiyata. Daga bakin kwalta zuwa garinmu hanyar burji ce, da damina takan yi caɓi. Na tara kuɗi ina son ƙaramar jif, dillali kuma ya nuna mini guda biyu: Toyota RAV4 ƙirar 2008 mai silinda huɗu, 'yar Beljiyam da ba a taɓa sa wa lamba ba, da Honda CR-V ƙirar 2009 ta hannu, wadda mai ita ya ce shekararta huɗu a wurinsa. CR-V ɗin ta fi araha sosai, RAV4 kuwa za ta cinye duk abin da na tara. Abokaina sun ce in rufe ido in ɗauki Toyota. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan zumunci.

Kada ka rufe ido. Abokanka suna da hujja, domin Toyota ta fi saurin sayuwa ranar da za ka rabu da ita, kayan gyaranta kuma ga su nan birjik a Panteka da Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma motocin nan biyu kowacce ta haura shekara goma sha biyar. A wannan shekarun, irin riƙon da mota ta samu ya fi tambarin da ke goshinta tasiri. Sannan akwai wata magana game da RAV4 ta wannan shekarar da dillali ba zai faɗa maka ba.

RAV4 mai silinda huɗu daga 2006 zuwa 2008 tana ɗauke da injin 2.4 da ake kira 2AZ-FE, irin wanda ke cikin Camry ta wannan zamani. Injin ne mai juriya, sai dai da yawa daga cikinsu suna shan baƙin mai. Ringin fistan ɗin ne kan toshe da datti ya daskare, sai mai ya riƙa hawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Kamfanin da kansa ya amsa matsalar a Amurka, ya ƙara wa'adin garanti, ya riƙa canza fistan da ringi ga injin da ya sha kusan lita ɗaya a tafiyar mil 1,200. Wannan wa'adin ya daɗe da wucewa, ba kuma za ka san ko an yi wa wannan motar aikin ba sai ka ga tarihinta. Abin da ke tsorata ni da wannan ciwo shi ne ba ya ɗiga a ƙasa, sau da yawa hayaƙi ma ba ya nunawa. Mutum yana kan hanyar Zariya hankalinsa kwance, fitilar mai ta kama, kafin ya samu wurin tsayawa injin ya buga. Daga 2009 Toyota ta koma injin 2.5, wato 2AR-FE, wanda ba a san shi da wannan hali ba. Don haka idan zuciyarka na kan RAV4, nemi ta 2009 zuwa 2012. Jikin ɗaya ne, injin ne ya fi.

Ka tabbatar da shekarar da kanka, domin akan canza fitilu da bamba a ce mota ta fi shekarunta ƙuruciya. Lambar shasi tana da harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. A motocin Amurka, abu na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A kuwa 2010, B 2011, C 2012.

Da wannan lambar ce kuma za ka sa a binciko maka tarihin motar a Carfax ko makamancinsa, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Sunan Beljiyam ya bi su ne kawai, amma yawancin ƙananan jif da ke shigowa yanzu daga Amurka da Kanada suke, da yawansu kuma daga gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka yafe, irin su Copart da IAAI. Wata ɗan bugu ta samu a bamba, wannan ba komai ba ne. Wata an daki shasinta, an ja an miƙe an shafe da fenti. Mafi muni ita ce wadda ambaliya ta shanye, domin ruwa yana shiga wayoyi da kwamfutar mota ya zauna, ya riƙa ɓullo da sabuwar cuta duk bayan 'yan watanni. Ɗaga kafet ka shinshina, zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba tabon ruwa, leƙa ƙarƙashin kujeru ko ƙarafan sun yi tsatsa. Ta Kanada da arewacin Amurka kuwa a ɗaga ta a duba cikinta, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Mitar tafiya ma akan mayar da ita baya. Rahoton zai nuna adadin da aka rubuta a can, ka tuna kuma da mil suke lissafi: mil 150,000 kilomita 240,000 ne.

Ita CR-V ta 2009 injinta K24 ne, shi ma 2.4, da giya mai hawa biyar, kuma haɗi ne da na yarda da shi. Cututtukanta sanannu ne. Kwamfiresar esi kan mutu, makullan ƙofa na lantarki kan rikice, sannan injin kan yi wata 'yar ƙara ta daƙiƙa ɗaya ko biyu idan aka tayar da shi da sanyin safiya. Duk ana gyara su ba tare da an sauke injin ba. Damuwata da ita ba ƙirarta ba ce, shekara huɗun da ta yi a hannunmu ne. Honda ba ta yafe man giya na jabu. Nata ake zuba mata, DW-1, kuma idan an yi shekaru ana ɗura mata kowane jan mai da aka samu a bakin titi, giyar tana kan hanyar mutuwa ko da yau tana shiga lafiya.

Amma mota ta hannu tana da wata falala da 'yar Beljiyam ba ta da ita: mai ita yana raye, yana gari, za ka iya zama da shi. Ce wa dillali kana son ganinsa. Tambaye shi wane gareji yake kai ta, wane mai yake zubawa, me ya sa zai sayar. Daga nan ka je wurin makanikensa kai kaɗai ku gaisa. Idan aka hana ka ganin mai mota, ko sunan da ke takardu ya saɓa da na wanda ke karɓar kuɗi, ka haƙura da ita komai arharta.

Ranar dubawa, je da makanikenka, wanda kai za ka biya, ba na dillali ba, kuma ku isa da sassafe kafin a tayar da motar. Taɓa bonet. Idan da ɗumi, an riga ku, ku dawo gobe. Injin sanyi ne ke faɗin gaskiya: ƙara, rawa, shuɗin hayaƙi a salansa. Idan ka murɗa makulli kafin injin ya tashi, fitilar injin da ta jakar iska da ta burki dole su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne don a ɓoye wani abu. A sa na'urar kwamfuta a karanta. A buɗe lagireto tun yana sanyi: idan ruwan rijiya ne mai jan tsatsa maimakon ruwan sanyaya injin, ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, to motar ta taɓa yin zafi ko kuma ta faɗa hannun masu gyaran dabara. A duba ko indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, yana nan, don akan sace shi a sayar. Sannan ku hau titi na aƙalla rabin awa, esi a kunne, har giya ta yi zafi ta shiga kowane hawa. Idan tana fizga ko tana jinkiri kafin ta kama, ciniki ya ƙare.

Batun hanyar garinku. Tsayin cikinsu daga ƙasa kusan ɗaya ne, wajen santimita 18 zuwa 19, kuma wannan tsayin ne zai fi yi maka amfani a burji. Kowacce akwai mai ja da ƙafa biyu, akwai mai ja da huɗu, sai ka leƙa ƙasa ka ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfi baya, domin wasu kan cire ta idan ta lalace su yi shiru. RAV4 mai ja da huɗu tana da maɓallin kulle ƙafafun, wanda ke aiki ƙasa da gudun kilomita 40, yana kuma taimako a caɓi. CR-V da kanta take tura ƙarfi baya idan gaba ya zame, akwatin bayan kuma yana da nasa mai na musamman. Idan ka ji gurnani lokacin da kake juyawa a hankali, man ne ya tsufa. Ko ɗaya cikinsu ba Hilux ba ce. Kada ka shiga rafi da ita don ka ga a-kori-kura ta wuce.

Takardu kuwa, kada ka ɗauke su da wasa. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, saboda haka duk motar da aka ce ta biyo ta Kwatano sai an yi taka-tsantsan. Kai lambar takardar diyuti ofishin kwastan a tabbatar maka an biya, kuma an biya a kan wannan lambar shasin, kafin ka ba da ko sisi. A yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, kuɗi kuma ta banki.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka shi ne cewar RAV4 za ta cinye duk abin da ka tara. Kowace tsohuwar mota, ko daga jirgi aka sauke ta jiya, tana da kuɗin shiga gida. Za ka juye baƙin mai da man giya da ruwan lagireto, wataƙila batir, wataƙila burki da shokozoba. Tayoyi huɗu masu lamba 225/65 R17 kuɗi ne mai nauyi, kuma na Beljiyam sukan zo da zane mai kyau alhali sun tsufa. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar: 2318 na nufin mako na 23 a 2018, kuma tayar da ta wuce shekara shida ba ta ɗaukar iyali a zafin watan Afrilu ba ce. Ga rajista da lamba, ga inshora mafi ƙaranci da ta koma naira 15,000 tun 2023. Ga fetur, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi, kuma kowacce cikinsu za ta sha fiye da Corolla. Ni nakan ce mutum ya ware aƙalla kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na kuɗinsa kafin ya fara taya mota.

Saboda haka, tsakanin waɗannan biyun, ni CR-V zan fara dubawa. Idan ka ga mai ita, giya ta ci jarrabawa, lagireto na da tsabta, takardu sun inganta, ɗauke ta, ragowar kuɗin ka yi mata hidima a makon farko da man da aka rubuta a murfin injin, wato 5W-20, ba mai kaurin da ake zuba wa tsofaffin motocin haya ba. Idan ta faɗi, kada hakan ya tura ka kan RAV4 ta 2008 da aljihu wayam. Ce wa dillali ya nemo maka ta 2009 zuwa sama, ko da ta hannu ce, a yi mata irin wannan binciken. Duk wadda ka saya, a watanni uku na farko ka riƙa zaro sandar mai duk Juma'a da safe kana duba inda ya tsaya, har ka san ko injinka na sha.