Tambaya da Amsa: Canjin da Saban ya yi, sa'a ce ko dabara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Amurka, tunda na zo na kamu da kallon ƙwallon jami'o'insu, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ɗin nan. Kwanaki muka yi ta musu da abokina kan wasan ƙarshe na Alabama da Jojiya, shi ya kafe wai kocin Alabama Nick Saban sa'a kawai ya taka da ya cire Jalen Hurts a hutun rabin lokaci, wai koci na ƙwarai ba ya watsar da tsarin da ya kawo shi wasan ƙarshe. Ni kuma na ce dabara ce. Don Allah a raba mana gardama.
Mai karatu daga Atlanta

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya ina bayanka a wannan musun. Saboda masu karatu na gida bari in ɗan yi bayani, a wasan nan sau 4 ake ba ƙungiya dama ta ci yadi 10 gaba, ko dai a miƙa wa mai gudu ya kutsa da ƙarfi ko kuma kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ya wurga ta sama wani ya cafe.

To ranar 8 ga Janairun 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙasa da aka yi a filin Atlanta, an tafi hutu Jojiya na da 13 Alabama ko ɗaya babu, Hurts, kwatabak ɗin Alabama, ya yi jifa 8 uku ne kacal suka shiga hannu, yadi 21 duka duka, kuma kar ka manta kocin Jojiya Kirby Smart ya yi shekaru yana riƙe wa Saban masu tsaron baya, ya san gidan ciki da bai, shi ya sa suka cika gaba suka toshe hanyar gudu don sun san jifa mai nisa ba za ta zo ba. A irin wannan hali in ka ce sai tsarinka na jiya ai ka miƙa kofi da hannunka. Tua Tagovailoa, wanda Saban ya sa a madadin Hurts, ɗan shekarar farko ne, bahago, amma hannunsa na kai ƙwallo nesa, yana shigowa dole masu tsaron Jojiya suka ja baya fili ya buɗe. Abin da Saban ya hango ke nan.

Amma fa abokinka ba shirme ya faɗa gaba ɗaya ba, akwai kasada sosai. Yaron ya jefa ɗaya a hannun Jojiya, sannan a ƙarin lokaci bayan Jojiya ta buga ta sami maki 3, sai ya tsaya riƙe ƙwallo har aka kayar da shi suka yi asarar yadi 16, wallahi a nan kowa ya ɗauka shi ke nan. Jifa ta gaba ya sami DeVonta Smith daga yadi 41, aka tashi 26 da 23. Da wannan jifar ta kuskure da har yau ana zagin Saban, na yarda. Sai dai ni ina auna shawarar koci ne da abin da ke gabansa lokacin da ya yanke ta, kuma a lokacin hutun nan barin Hurts a fili ya fi haɗari.

Abin da ya fi burge ni ma Hurts ne, bai yi fushi ya bar makarantar nan take ba, ya zauna a benci. A Disambar shekarar, filin dai na Atlanta, Jojiya dai, a wasan ƙarshe na gasar SEC, wato ta jami'o'in kudu maso gabas, Tua ya ji ciwo ana cin Alabama, Hurts ya shigo ya jefa ɗaya ya ruga da ɗaya da ƙafarsa, suka ci 35 da 28.