Za mu je Maroko ɗauko yaron da za mu riƙe: yaya za mu yi da zaman jiran?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni da maigidana muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka. Muna da 'ya ɗaya mai shekara bakwai, daga ita Allah bai sake ba mu ba. Mun bi ta hannun wata hukuma mai lasisi, an zo an duba gidanmu, hukumar shige da fice ta amince mana, yanzu an haɗa mu da wani yaro ɗan wata tara a wani gidan marayu a Meknes. An ce mu shirya zama a can har takardunsa su kammala, amma ba wanda ya iya faɗa mana ranar dawowa. Maigidana na tsoron aikinsa, ni kuma ina tunanin makarantar yarinya. Ina so ki faɗa mini yadda zaman yake, da abin da ya kamata mu yi da kwanakin. Daga wata 'yar uwarki.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya raya muku su duka biyun.

Waɗanda suka ƙi yanka miki rana ba ɓoye miki wani abu suke ba. Takardun yaron nan a jere suke, kowace sai ta gabanta ta fito, kuma a hannun gwamnatoci biyu suke. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ba ta yarda da tabanni ba, wato mayar da ɗan wani naka har da nasaba da gado. Abin da kotu za ta ba ku shi ne kafala, bisa doka mai lamba 15-01 ta shekarar 2002, wadda, ban da cibiyoyin kula da yara, ta keɓe wannan riƙo ga ma'aurata Musulmi ko mace Musulma. Alƙalin da ke kula da sha'anin ƙananan yara zai ba da hukunci bayan bincike, sai a miƙa muku yaron a hukumance a gaban wakilin mai gabatar da ƙara. Daga nan ku nemi izinin alƙali na fita da shi ƙasar waje, sannan fasfonsa na Maroko. Sai ku juyo ɓangaren Amurka: takardar I-600 ta neman hukumar shige da fice ta amince da yaron a matsayin ɗan iyalinku, binciken da jami'an jakadanci ke yi don tabbatar da cewa yaron maraya ne a idon dokarsu, gwajin lafiya wurin likitan da suka amince da shi, da ganawar biza a ƙaramin ofishin jakadanci da ke Kasablanka. Sa hannu guda ya makara, duk na bayansa sun tsaya. A watan Agusta kotuna kan tafi hutu, a Ramadan kuma ofisoshi na tashi da wuri. Wasu iyalai kan gama cikin makonni, wasu sai sun shafe watanni.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. A Satumbar 2012 ministan shari'a na Maroko na lokacin, Mustafa Ramid, ya umarci masu gabatar da ƙara su ƙi goyon bayan kafalar baƙin da ba mazauna ƙasar ba, iyalai da dama suka maƙale da yaran da suka riga suka saba da su. A Kwango ta Kinshasa an dakatar da izinin fita da yara a Satumbar 2013, wasu suka yi jira sama da shekara biyu. Ba don in tsorata ki na kawo waɗannan ba. So nake ki sayi tikitin da ake iya sauya wa rana, ki tanadi kuɗin zaman da ya ninka abin da hukumar da kuka bi ta hannunta ta ƙiyasta, kuma kafin ku tashi ki sa su tabbatar miki a rubuce cewa ana ba da irin bizar yaron a halin yanzu, domin ƙa'idojin shige da ficen Amurka na yawan sauyawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda na ga iyaye da yawa suna sakaci da shi. Suna sauka sai hankalinsu duka ya koma kan waya: lauya ya kira? an buga hatimin? Ranar da ba labari sai su ɗauke ta ranar banza. Alhali ga yaron, waɗannan kwanaki su ne farkon zamansa da uwa da uba, kuma da wuya ku sake samun lokacin da ku biyu ba ku da wani aiki sai shi. Ki tsara yininku a kan barcinsa da cinsa. Takardu a ware musu sa'a guda da safe, maigida ya kira lauya ko ya je ofis, daga nan a ajiye maganar sai gobe.

Kafin a miƙa muku shi, za ku riƙa zuwa gidan marayun ne a lokutan ziyara. Ki je kullum a lokaci ɗaya. Ki zauna da matan da suka rene shi ki tambaye su komai: wace madara yake sha, da wane irin bulumboti, ƙarfe nawa yake barci, a kan wane gefe, me ke sa shi kuka, da wane suna suke kiransa. Ki rubuta. Kada ki sauya masa madara ko suna a makon farko. Ki bar masa ɗankwalinki ko zanen da kika kwana da shi ya saba da ƙamshinki, ranar tafiya kuma ki roƙi wani bargo ko rigar da ya saba da ita. Matan nan ki girmama su ƙwarai. Mace ɗaya na iya kula da jarirai da yawa a lokaci guda, kuma wadda ta fi shaƙuwa da shi za ta yi kukan rabuwa. Idan an yarda, ki ɗauki hotonsu da na gadonsa ki adana, wata rana zai tambaya.

Idan ya dawo hannunku, kada ki yi tsammanin zai rungume ki. Yaron da ya taso a gidan marayu yakan zo da ɗabi'un da ke tayar wa sabuwar uwa hankali. Wani ba ya kuka ko da yunwa, don ya koyi cewa kuka ba ya kawo kowa. Wani yana jijjiga kansa kafin ya yi barci. Wani ya kan kau da ido in an kalle shi, wani kuma kowa ya miƙo hannu sai ya tafi, ba ya bambanta ki da mai sayar da burodi. Zama da rarrafe na iya yi masa jinkiri. Binciken da aka fara a Bukares ta Romaniya a shekarar 2000 ya nuna yaran da aka fitar daga gidajen marayu zuwa cikin iyali kafin su cika shekara biyu sun fi saurin farfaɗowa, to ɗan wata tara yana da fili sosai. Maganin kuwa kin gaje shi tun daga gida: goyo. Ki goya shi kina girki, kina shanya, kina zaga unguwa. Ci da wanka da kwantarwa su zama ke da babansa kaɗai, ko da mai gidan haya ta nuna son taimakawa. In kina ba shi madara ki rungume shi ki bar idonki a nasa, domin wataƙila an saba jingina masa kwalbar a bar shi. Ya yi kuka ki ɗauka nan take, kada ki saurari masu cewa za ki sangarta shi.

Tun kina can ya kamata ki yi tunanin shayarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda mu da mutanen Maroko muke bi, nonon da ya isa cikin yaro kafin ya cika shekara biyu yana tabbatar da muharramaka, sai ya zama ɗanki na shayarwa kuma ɗan'uwan 'yarki. Macen da ba ta haihu kwanan nan ba tana iya samun ruwan nono ta hanyar tatsa a kai a kai, wani lokaci da magani, amma shiri ne na makonni. Ki ga likitarki kafin tafiya, kada ki sha komai da kanki, ki kuma zauna da malamin da kika yarda da shi kan hukuncin da ya shafi maigida.

Masauki: ku kama gida mai kaya a ciki na wata-wata kusa da gidan marayun, ba otal ba. Ki tambayi abu biyu kafin ki biya, injin wanki da abin ɗumama ɗaki. Meknes da sanyi a hunturu, gidaje da yawa kuma ba su da na'urar ɗumi, tayil ɗin ƙasa kan yi sanyi ƙarara ga yaro mai koyon rarrafe. Nama da kayan miya da burodi ba za su ba ki wahala ba, kowace unguwa da ɗan kantinta, amma ki ƙullo kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. Ranar da zuciya ta yi nauyi, miyar gida tana taimako. Mutanen gari Larabcinsu na Darija suke yi, ofisoshi kuma Larabci da Faransanci, don haka larabcin islamiyya zai kai ki gaisuwa da ciniki amma ba zai kai ki kotu ba. Duk takardar da za ku sa wa hannu, tafinta ya karanta muku ita tukuna.

Wata magana da hukumomi ba sa cika faɗa wa irinmu: ke baƙar fata ce, za ki riƙa yawo da yaron da wataƙila bai yi kama da ke ba. Za a kalle ki, za a tambaye ki, wani ya ɗauka 'yar aiki ce, wani ya ɗauka cikin masu neman tsallakawa Turai kike. Yawanci in suka ji kafala ce sai addu'a ta biyo baya, don suna girmama mai riƙon maraya. Duk da haka kada ki fita ko nan da kanti ba tare da kwafin hukuncin kotu da na fasfonki a jaka ba. Mai fasfon Amurka kwana 90 yake da su ba tare da biza ba. Ki rubuta ranar cikarsu, idan ta matso ku nemi ƙari wurin 'yan sanda tun da sauran lokaci. Haka amincewar da hukumar shige da fice ta ba ku da hoton yatsunku, duka suna da wa'adi, a duba kada su ƙare kuna can.

Kuɗi kuwa, kowane dirhami a karɓi rasit. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya hanzarta fayil, ku ƙi, ku sanar da hukumarku. Alamar an sayi yaro ko an biya wani don ya sake shi tana iya rushe bizar gaba ɗaya. Hotunansa ma a dakata da sa su a Facebook ko rukunin WhatsApp na dangi har ku isa gida.

Batun aikin maigida. Dokar hutun iyali ta Amurka ta 1993 tana ba ma'aikaci mako 12 ba albashi, aikinsa na jiransa, kuma ta haɗa da karɓar yaron riƙo har da tafiye-tafiyen da ake yi kafin a karɓe shi. Sharaɗin shi ne wurin aikin na da ma'aikata 50 ko fiye, shi kuma ya yi shekara a wurin da aƙalla sa'o'i 1,250. Shawarata kada ya ƙone su duka a Maroko. Ya kasance a farko, lokacin kotu da karɓar yaro, lauya ya faɗa muku matakan da dole sai da shi, sannan in zaman ya ja ya koma ya bar wasu makonni na bayan dawowa. Idan zai bar ki, a samo wata 'yar uwa ta zo ta taya ki zama, ita ta riƙe girki da kasuwa, ke ki riƙe yaro. Kuma ku yi wannan magana tun a Ohayo, kada ku bari sai gajiya da ƙarancin kuɗi sun sa murya ta fara tashi.

Ita kuma babbar, ki je makarantarsu tun yanzu ki karɓo aikin da za ta yi, ki ji ƙa'idarsu kan dogon fashi. Sa'a biyu da safe sun ishi 'yar shekara bakwai. Abin da zai fi karatun wuya shi ne kishi: shekara bakwai ita kaɗai, ga ta a garin da ba ta jin yarensu, ga uwarta da wani a baya. Ki ba ta aikin da yake nata, kamar zaɓo masa kaya ko yi masa wasa lokacin wanka, ki kuma ware mata rabin sa'a kullum da babu shi a ciki. In ta ce a mayar da shi, kada ki tsawata mata, ki ji ta.

Ranar da ba ofis, ku fita. Fas ba ta kai sa'a guda a jirgin ƙasa ba, kuma a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da wuya ku rasa masu ziyara daga Kano ko Damagaram da za ku yi Hausa da su. Ranar Juma'a in maƙwabta suka aiko da kuskus, ki karɓa ki mayar da kwanon da wani abu a ciki. Yaron nan ɗan garin ne, abin da kika gani kika ji a can shi za ki ba shi labari.

Abu na ƙarshe da za ki shirya wa tun yanzu: da yake kafala ba tabanni ba ce, bizar da yaron zai samu ita ce IR-4, wadda ke ba shi izinin zama amma ba ta mayar da shi ɗan ƙasa da saukarsa. Sai kun je kotun jiharku an kammala riƙon bisa dokar Amurka kafin ya cika 18, sannan dokar zama ɗan ƙasa ta yara ta shekarar 2000 ta hau kansa. Wannan mataki yana damun Musulmi da yawa saboda aya ta 5 a Suratul Ahzab da ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Kada damuwar ta sa ku bar shi babu takardar ɗan ƙasa, domin akwai waɗanda suka girma a Amurka aka kore su saboda iyayen riƙonsu sun yi wannan sakaci. Ku gaya wa lauya sunan da kuke so ya ci gaba da amsawa, ku adana takardar haihuwarsa ta Maroko da hukuncin kafala, ku faɗa masa asalinsa tun yana ƙarami, gado kuma ku rubuta masa wasiyya cikin sulusin dukiyarku.