Gishiri ya narke, ta yaya ake gane sawunsa a dutse?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, ina zaune a Agege. An nuna mana wani falalen dutse mai ƙananan alamu masu kusurwa huɗu, aka ce sawun gishiri ne na zamanin da. Abin da ruwan sama ɗaya ke narkarwa, ta yaya za a tabbatar?

Amsa: Ɗan'uwa, ai gurbin ake bi, gishirin ya daɗe da tafiya. Idan ruwan gishiri ya ƙafe a kan laka, ƙwayoyinsa kan fito da siffar ɗan akwati. Ruwa ya dawo ya narkar da su, sai sabuwar laka ta cike gurbin ta daskare.

A fili, fita da sassafe ko da la'asar, lokacin da hasken rana ke zuwa a kaikaice. Da tsakar rana ba za ka ga komai ba. Kifa dutsen, don sau da yawa alamar a ƙasan shimfiɗar take. Sa gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 ka dubi fuskar akwatin. In ta lotsa ciki hawa-hawa kamar matakala, to ka kama hanya, domin gefen gishiri yakan riga tsakiyarsa girma. Duba ko akwai tsagewar busasshiyar laka a kusa, alamar ruwa ya taɓa ƙafewa a wurin. A nan ɗalibai ke faɗawa rami: farait, ma'adinin nan da ake ɗauka zinare ne, shi ma akwati yake yi, amma yakan bar tabon tsatsa.

A ɗakin gwaji ana goge yankin dutsen har kaurinsa ya koma milimita 0.03. In ana zaton akwai sauran gishiri, da kananzir ko mai ake yanka. In ka sa ruwa, ka wanke shaidarka da hannunka ke nan. A na'urar hangen ƙananan abubuwa, idan aka gitta gilasanta biyu masu tace haske, gishiri baƙi ƙirin yake zama duk yadda ka juya shi. Gwajin eksre kuma shi ke faɗin ma'adinin da ya gaji gurbin.

Kada ka wahalar da kanka a bakin tekun Lekki, yashin Legas yaro ne. Sanannun misalai suna cikin jajayen duwatsun laka na Ingila, masu shekara sama da miliyan 200. In kuwa yadda ƙwayar ke tsirowa kake son gani, jiƙa gishiri a faranti ka ajiye inda ba a taɓawa har ruwan ya ƙafe, ko ka je Keana da Awe a jihar Nasarawa, inda aka daɗe ana dafa gishiri.