Na'urata tana maƙalewa in ta farka daga barci, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maradi. Ina haɗa ƴar na'ura mai aiki da hasken rana don auna zurfin ruwa a rijiyar garkar babana, can bakin Gulbi. Allon ARM ne, Linux ke tafiyar da shi. Don batir ya kai safiya nakan sa ta barci. Amma wani lokaci in ta farka sai ta maƙale, wani lokaci kuma ta tashi tana jan jiki.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa aikin albarka, irin sa nake so in ga yaranmu na yi.

Abin da na fi zargi shi ne sashen da ke sauya saurin na'urori, wanda a Linux ake kira devfreq. MyungJoo Ham na kamfanin Samsung ne ya rubuta shi, ya shiga Linux 3.2. Shi ke ɗaga ko sauke gudun memori, da hanyoyin da bayanai ke bi, da injin zane, gwargwadon aikin da ke gabansu. Kowane gudu yana da ƙarfin wutar da ya dace da shi, a jere cikin teburin OPP. In za a ƙara gudu, wuta ake fara ƙarawa. In za a rage, gudun ake fara saukewa. Ka juya wannan, na'ura ta sandare.

Ka dubi ɗan kabu-kabu. In ya kashe babur a giya ta huɗu, ya dawo ya nemi tashi a haka, sai injin ya shaƙe. Haka abin yake a allonka. Mai yanke shawarar gudu, wanda ake ce wa gwamna, yana leƙa nauyin aiki lokaci-lokaci. Gwamnan da aka fi sani, simple_ondemand, in ba a sauya masa saiti ba, yakan kai gudu ƙololuwa da aiki ya wuce kashi 90 cikin ɗari. To, barci na iya riskar memori tana can sama. Ana cikin barcin, a wasu alluna mai rarraba wuta yakan koma ƙarfinsa na asali, ko manhajar da ke tada allo ta mayar da agogo, wato bugun da ke ƙayyade gudu, yadda ta saba. Da farkawa sai a tarar gudu na sama, wuta na ƙasa: ta maƙale. Ko kuma agogo ya sauka, Linux kuwa na nan da lissafinsa na jiya, yana zaton komai na gudu: ta ja jiki.

Tun Linux 5.0 a 2019, da aikin Lukasz Luba, tsarin da kansa ke kiran devfreq_suspend kafin a kwantar da na'urori, ya kira devfreq_resume bayan an tashe su. Na farkon yana tsayar da gwamna, ya kai na'ura gudun da aka ware wa barci. Sai dai fa, kai za ka ware shi. A bishiyar na'urori ta allonka (device tree, fayil ɗin da ke bayyana wa Linux sassan allon), cikin teburin OPP, ka sa alamar opp-suspend a layin da ya yi daidai da gudu da wutar da allon ke tashi da su. Babu alamar, gwamna zai tsaya, gudun kuma ya zauna inda barci ya same shi. Kada ka zaɓi mafi ƙanƙanta don kawai tattalin batir. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Wanda allon ya sani lokacin tashi, shi ne daidai.

In kai ka rubuta direban, wato manhajar da ke haɗa Linux da na'urar, ka tabbata yana da get_cur_freq, mai faɗin gudun da ake kai, kuma agogon yake karantawa da gaske, ba lambar da ya ajiye ba. Da ita ake gyara lissafi a farkawa. Kuma duk kiran devfreq_suspend_device ya sami abokinsa devfreq_resume_device, domin ƙidaya ake yi. Kira biyu na barci da ɗaya na farkawa, gwamna ba zai tashi ba.

Ga yadda za ka gane. Shiga /sys/class/devfreq, ka karanta cur_freq (gudun yanzu) da trans_stat (lissafin sauye-sauyen gudu) kafin barci da bayansa. In trans_stat ya daina motsi bayan farkawa ko da ka ɗora aiki, gwamnan bai farka ba. Sannan ka rubuta devices a /sys/power/pm_test, ka ba ta umarnin barci: tsarin zai kwantar da na'urori, ya jira daƙiƙa 5, ya tashe su, ba tare da barci mai zurfi ba. In a haka ta maƙale, laifin na direba ne. In sai a barcin gaske, ka nemi matsalar a wuta da agogo.

Abu ɗaya da namu na Maradi ne: zafi. A watan Afrilu, akwati a rana ya fi digiri 40 nesa ba kusa ba, kuma Linux na rage gudu da gangan in allo ya yi zafi. In jan jikin da azahar kaɗai yake, ka fara ba ta inuwa. Daga nan ka sa manhajar rtcwake ta kwantar da ita ta tashe ta sau ɗari biyu, rabi da asuba, rabi da tsakar rana, ka aiko mini abin da dmesg, umarnin da ke fitar da saƙonnin Linux, ya nuna.